Garon Ƙarshe

Tayar baya ta sake nutsewa cikin rairayi, karo na uku ke nan. Kaparal Yasir ya diro daga motar ɗaukar majinyata ta sojoji, ya fizgo shebur ya hau haƙa. Saura kilomita saba'in su shiga Arlit, ga rana na dukan ƙeya, ga mutum a baya yana fama da ransa.

"Sarjan, ki sauko ki tura mini ƙarfen nan ƙarƙashin taya."

"Hannuna na kan majinyaci," in ji Sarjan Siddiƙa daga ciki. "Yi kai kaɗai."

Yasir ya ja tsaki, amma a ciki, don galanta na soja ya fi nasa. Gobe da safe a filin bariki ita za a maƙala wa lambar yabo, wai saboda mutum arba'in da ta kwaso da rai daga hanyar Tchibarakaten. Shi da ya tuƙo arba'in ɗin nan kaf, sunansa ko a gindin takarda babu. Mako guda abin na cinsa, yau kuma ga ta nan ta harɗe a baya kamar uwar ɗaki.

Tun farko ma ranar ba ta zo da daɗi ba. 'Yan fashi ne suka buɗe wa motar masu haƙar zinari wuta, aka turo su Yasir ɗauko majinyata. Suna dab da isa, ɓarayin da ke gudu suka yi musu rakiya da harsasai, har biyu suka huda bayan motar. Ya ƙwala mata kira ta ƙaramar tagar da ke tsakaninsu. Ta ɗan jima, sannan ta ce, "Tuƙa."

Da suka isa ko sauka ba ta yi ba. Mahaƙan ne suka ciccibo mata wani Fatahu, mutumin Tahoua, jini na tsartuwa daga cinyarsa. Yasir ya zazzage jakar magani yana neman garo, ɗamarar nan da ake murɗawa ta tsaida jini. Da safe da idonsa ya ga ɗaya ya rage, sauran sun tafi da majinyatan jiya. Yanzu babu shi, babu dalilinsa.

"Ina garon, Sarjan?"

Fatahu take kallo, shi kuma ya damƙe mata hannun riga.

"Hajiya, kak ki bari in mutu. An haiho min ɗiya, ran Juma'a suna. Ban ko gane ta ba."

"Kaparal, je ka juya mota," ta ce.

Kafin ya juyo da kan motar, garo na ɗaure a cinyar Fatahu, jinin ya tsaya. Wato tana zaune a kansa ke nan tun ɗazu. Wannan ce gwanar da za a tafa wa gobe.

Da ƙyar tayar ta fito. Ya leƙa baya kafin ya hau. Ƙasan motar ya yi kaca-kaca da jini, har da wandonta. Kallabin da ba ta rabuwa da shi a ƙarƙashin hula babu shi, ta kuma ja bargo ta rufe gwiwoyinta cikin wannan zafi. Ta nemi ruwa, ya miƙa mata gorarsa, ta shanye tas ba ko tayi.

Daga nan bai ƙara ɗaga ƙafa daga totur ba. Duk haushinsa, tsoro ya fi shi yawa: ya san garo in ya daɗe ƙafa yake ci, in ya kwance kuma rai. Yana jin ta tana jan Fatahu da hira don kada ya lumshe ido. Wane suna za a sa wa yarinyar? Rago fa, an saya? Fatahu na amsawa sama-sama. Can muryarta ta yi ƙasa, har ƙarar inji ta danne ta.

Tsibin ƙasar ma'adinai ya bayyana daga nesa, sai bas-bas na ma'aikata, sai 'yan kabu-kabu suna watsewa daga gaban jiniya. Biyar saura suka tsaya a ƙofar asibiti. Ma'aikata suka zaro gadon Fatahu, yana numfashi.

"Ku shiga da shi," ta ce a hankali. "Ina nan tafe."

Yasir ya bi gadon a guje. Ko nan ma shi ne da wahalar.

Likita ya duƙa a kan garon. Ƙa'idar aikin ce, duk wanda ya ɗaura sai ya rubuta lokaci a jikinsa, domin da shi ake sanin ko ƙafa za ta tsira. Likitan ya ɗago fuska a murtuke.

"Lokaci biyu nake gani. 14:12, an soke, sai 14:31. Wanne zan ɗauka?"

"Na biyun, lokotoro. Lokacin ne na sanar ta rediyo mun ɗauke shi. Biyu da sha biyu ai ba mu ma isa ba, lokacin ne aka harbi..."

Bai ƙarasa ba. Ya juya da gudu har yana ture mai shara.

Tana nan inda ya bar ta, ta jingina kai da jikin motar, dab da hudar harsashi, leɓɓanta sun yi fari fat. Ya kira ta Sarjan, ya kira ta Siddiƙa, ƙirjinta ne kawai ke ɗan motsi. Ya fizge bargon yana ihu a kawo gado.

Kallabinta ne ɗaure a cinyarta, ya jiƙe sharkaf, a samansa kuma ga shatin garon da ta kwance daga ƙafarta ta ɗaura wa Fatahu.