Faston Da Ya Ƙi Yin Ihu

"Ba zan yi ihu ba," in ji Fasto Gaiya. "Wa'azi aka kira ni in yi, ba tallar magani a tasha ba."

Baba Ishaku, shugaban dattawan cocin, ya buga tebur.

"Fasto, matasanmu sun koma wani coci a Bosso, inda mai wa'azi ke tsalle har ya jiƙe da gumi. Kai kuwa magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Wa ke sauraronka? Ko ka canza, ko mu nemi wani."

"Ku nema."

Ranar Lahadi Fasto ya tarar dattawan sun cire lasifikar kan rufi, wai ta daina kunyata su a unguwa. Ya yi wa'azinsa yadda ya saba.

Ana tashi sai ga Malam Zakiyyu mai walda a bakin ƙofa, shi da wasu maƙwabta Musulmi, fuska a ɗaure. Baba Ishaku ya yi saurin tarar su.

"Malam, a yi haƙuri, ai mun cire ta. Ba za ta ƙara damun ku ba."

"Abin da ya kawo mu ke nan," in ji Zakiyyu. "Duk Lahadi nakan kashe inji mu saurari Fasto. Makon jiya ya ce yau zai faɗi yadda ake shiryawa da ɗan'uwan da aka daɗe ana gaba da shi. Da ƙyar na shawo kan ƙanena ya zo daga Maikunkele, ga shi nan tsaye. Wa ya ce ku cire?"