Ƙullin Bakin Zane

Tunda ka ce katin banki kaɗai ya ishe ka wannan tafiya, ɗan zauna tukuna in ba ka misali. Wani dillalin hatsi ne Allah ya yi wa buɗi, ya ɗauki yayarsa, bazawara mai tuyar waina, suka tafi ziyarar kabarin wani waliyyi a wata ƙasar Larabawa. Ziyarar ta ƙafa ce, kwana tara cikin duwatsu, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Mutumin nan kati uku gare shi, yana ji da su kamar me. Ita kuwa tun a filin jirgi ta sa aka canza mata 'yan kuɗin wainarta zuwa kuɗin ƙasar, ta nannaɗe, ta ƙulle a bakin zane. Ranar da ya ga ƙullin yana reto a ƙugunta, kunya ta kama shi a gaban abokan tafiya. Ya ce, "Haba Yaya, har nan ƙauyanci ya biyo mu? Kwance ki rabar sadaka. Abin da ke cikin katin nan ya sayi garin nan da awakinsa." Ta ce to. Ta juya baya, ta ɗan gyara zane, ta miƙa wa wata tsohuwa wani abu, shi kuwa ya ɗauka magana ta ƙare.

Kwana ukun farko duniya ta yi masa daɗi. Duk masaukin da suka sauka sai ya zaro kati, na'ura ta yi ƙara, ya dubi Yaya yana murmushi. Amma hanya na ƙara hawa dutse, garuruwa na ƙara ƙanƙancewa, ga Yaya ba ta da sauri, har ayari ya wuce ya bar su a baya. Ran kwana na shida da hantsi ta ratse bakin wani rafi za ta yi alwala, maciji ya sare ta a idon sawu. Kafin ya ƙaraso ƙafa ta fara hawa. Ya goya ta, ita da ta goya shi yana jariri, ya yi ta haki har wani ƙauye mai gidaje bakwai. Mutanen garin duk sun tafi cin kasuwar mako, ba kowa sai mai kanti da wani direba da ke kwance ƙarƙashin tsohuwar akori-kurarsa. Da guntun Larabcinsa na Islamiyya da nuni da hannu ya gane abin da suke faɗa: maganin dafi sai asibitin da ke gindin dutse, tafiyar awa biyu a mota. Direban ba mugu ba ne, nan take ya buɗe ƙofar mota. Sai dai ya ƙwanƙwasa tanki ya girgiza kai. Man da ke ciki iyakarsa mararraba, mai sayar da mai a galan a can kuwa bai san shi ba, kuma ba ya karɓar komai sai tsaba. Shi direban ko sisi babu a aljihunsa, mai kanti ma ya ba matarsa cinikin mako ta tafi saro kaya.

Dillali ya zaro kati. Mai kanti ya lalubo wata na'ura da ta yi ƙura, ya goge da hannun riga, aka zura na farko, shiru. Aka zura na biyu. Aka fita waje aka ɗaga na'urar sama ana neman sabis, har kan rufin kanti aka hau da ita, ta yi ta juyi ta ce a sake gwadawa. Dillali ya duba wayarsa, ga lissafin dukiyarsa da ya ɗauki hotonsa shekaranjiya, ya nuna wa direba, direba ya duba ya ɗaga kafaɗa. Ya cire agogo, aka ce masa mai galan zai ɗauka na sata ne. Ya waiwaya ya ga kumburi ya wuce gwiwa, leɓen Yaya ya bushe, gumi na tsattsafo mata. Nan tsoro na gaske ya shige shi. Mutumin da ke loda tirela goma a rana ya durƙusa a ƙasa yana kuka, kati uku a hannu.

Sai ya ji ta kama yatsansa tana ja zuwa ƙugunta. Ashe ƙullin yana nan, ciki ta mayar da shi. Ya sa hannu, ƙulli kuwa irin na mai waina ne, wanda ba a yi shi don ya kwance da sauƙi ba. Sai da ya sunkuya ya sa haƙori. Takardu suka fito a dunƙule, suna warin man gyaɗa. Direba ya warware su, ya ɗaga yatsu biyu, wato galan biyu, ya tada mota. Da azahar aka yi mata allura, likita ya ce da sun ƙara awa guda da sai dai wani labarin. Da ta farfaɗo ta gan shi zaune a gefen gado, kansa a ƙasa, abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗan'uwa, in akwai canji mayar mini, ka ƙulle da kyau." Ya ƙulle, har sau biyu.

To ka ji. Riƙe katinka, ban hana ka ba, amma ka tafi da abin da hannu zai miƙa wa hannu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.