Tsamiyar Kan Tudu

Har aka kira assalatu bai runtsa ba, yana tambayar kansa ko shiru ya fi masa.

Jiya mai wifi na Dungas, garin bakin iyakar Najeriya, ya ninka kuɗin tikiti, gurup ɗin unguwa ya kaure da musu. Shi kuwa ya feɗe sanarwar da mai wifin ya fitar jimla bayan jimla, ya nuna babu dalili ko ɗaya a cikinta. Amsar mai wifin ta zo da murya: “Malam mai digirin lisans, in nahawu na sayen mega, saya mana! Zauna-gari-banza kawai.” Mutum tamanin suka yi dariya, har da yarinyar da yake nema.

Mutumin ya manta cewa wanda ya zaga shi ne ya kafa masa eriya bara, shi ne kuma ya san daga inda rezo, sabis ɗin waya mai arha, yake tsallakowa.

Da hantsi mai lisans ɗin ya hau kabu-kabu zuwa tudun kudu, ya ɗauki hoton tsamiya, ya tura gurup da jimla guda: “A nan rezon ƙetare yake kamawa, ku zo da pus, wato sim ɗinku na Najeriya.”

Da la'asar, akuya ce kwance a bencin shagon mai wifi. Ƙarƙashin tsamiya kuwa, hannuwa sun yi sama, kowanne riƙe da waya.