Yatsun Iya Kulu

Tun da aka yi sabuwar doka, duk wanda masaƙa ta sallama ba ya karɓar haƙƙinsa sai ya zura hannayensa cikin na'ura ta kwashe aikin da aka koya musu. Wai ƙullin zare kayan kamfani ne.

Hansai tana layi, sai ga abokiyar aikinta Iya Kulu ta fito rungume da zaninta.

"Sun biya ki, Iya?"

"Tsaf. 'Yar nan, ɗaura min zanin nan, yatsun sun manta."

Tana gama ɗaura mata aka kira sunan Hansai. Jaririnta ya motsa a baya. Ta ƙara tamke majanyin, ta juya ga mai biye mata.

"Yaya, in na fito, kada ki bari in kwance goyon nan a hanya."