Wayoyi Biyu a Wutsiyar Jirgi

Makaniken nan shi ya kashe ƙaninsa, kuma da girman kai ya kashe shi.

A wutsiyar ƙaramin jirgin sama akwai wani ɗan fallen ƙarfe da bai wuce tafin hannu biyu ba. Matuƙi na murza ɗan wili kusa da gwiwarsa, wayoyi biyu su ja fallen, hancin jirgi ya ɗaga ko ya sunkuya, hannu ya huta da kokawa da sitiyari. Wayoyin nan makaniken ya sauya, ya ɗaura ta sama a gurbin ta ƙasa. Doka ta ce wani ya sake dubawa. Shi kuwa ya sa hannu a takardar kawai.

Ƙanin, wanda shi ne matuƙin, ya leƙo rumfar gyara. "Yaya, an duba wutsiyar?"

"Kai da na goya ne za ka titsiye ni? Shekara ashirin ina wannan aiki. Hau ka tafi."

"Allah ya huci zuciyar babban yaya," in ji shi, yana dariya.

Bayan tashi, hancin jirgin ya sunkuya. Ƙanin ya murza wilin don ya ɗaga, hanci ya ƙara yin ƙasa. Ya sake murzawa. Jami'in hasumiyar filin jirgin ya yi ihu ta rediyo: "Murza baya! Ƙila wayoyin a juye suke!"

Maganar ƙanin ta ƙarshe kafin jirgin ya faɗi tana cikin faifan da ya naɗi muryoyinsu: "Ba daga nan ba ne. Yayana ne ya ɗaura su."

Kotu ta ɗaure makaniken shekara bakwai. Mahaifiyarsu ba ta je ganinsa ko sau ɗaya ba.