Harsashin da Ya Rage a Ciki

Yana tsakar goge bindigarsa a teburin kicin ta tashi. Ya zare gidan harsasai, amma ya manta da guda ɗayan da ke ciki. Shi da ya shekara ashirin a filin harbin Bloemfontein yana daka wa ɗalibai tsawa, "Ku leƙa ciki, ku sake leƙawa!"

Harsashin ya huda bango, taƙi ɗaya daga kan matarsa da ke tuƙa tuwon masara.

Ya ajiye bindigar a kan teburin.

Ta ajiye muciya, ta shiga falo, ta sauko da takardar shaidarsa ta gwanin koyar da harbi, ta rataye a kan ramin.

"Nan ne wurinta, malam. Kullum kana karya kumallo kana kallonta."