Baƙon da Ya Taya Gidan Bakin Titi

Tun da aka halicci duniya ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunci Dillali ba. Haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya, yana zaune a kan naɗaɗɗiyar katifa a tsakar gida, ana fitar da kayansa. Mutum kamarsa, wanda rabin gidajen unguwar ta hannunsa aka saya, yau shi aka kora daga gidan haya.

Laifin na 'yan unguwa ne, in ji shi, makwaɗaita marasa kan gado. Bara waccan gidajen nan ko kyauta aka ba ka sai ka yi shawara: rufi na yoyo, kwata a ƙofar gida, famfo sai ya ga dama. Gidan bakin titi da aka ba Dillali ya sayar, wani malamin makaranta ya yi ta zarya a kansa, yana ƙwanƙwasa bango yana neman ragi.

Rannan, Dillali wai ya tafi gaisuwar rasuwa, sai wata doguwar mota ta tsaya. Wani baƙo a kujerar baya, da kwat da baƙin tabarau da takunkumi a fuska, ya ɗan sauke gilashi. A gaban malamin ya taya gidan ninki biyu, ya ce zai dawo. Malamin ya ruɗe, ya sayar da gonar gado, ya biya kafin a riga shi.

Baƙo bai dawo ba, amma labarinsa ya zauna. Aka ce ya ji ƙishin-ƙishin za a gina babbar kasuwa. Mai ɗaki biyu da banɗaki marar ƙofa ya fara ɗaga hanci kamar mai bene. Masu saye suka shiga rububi, kowa na tsoron gobe ta fi yau tsada.

Dillali kallon tumaki yake yi musu duka. Baƙon kaɗai yake raga wa. "Wannan ai mutum ne," yakan ce. "Kun ji murya? Kafaɗunsa kawai ka gani ka san an yi namiji."

Sai zazzaɓin sayar da gida ya kama tsohuwar da yake haya a gidanta. Ya je ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, wannan fa sana'ata ce. Kumfa ce kawai, za ta kwanta."

"Ɗan nan, ai kai da bakinka ka ce baƙon ya san abin da yake yi."

Ta sayar, ta hannun wani dillalin ma, ko la'ada bai gani ba. Ya zaga unguwar da ya sani kamar tafin hannunsa, ko ɗaki ɗaya ya fi ƙarfinsa.

Yana cikin tsine wa kwaɗayin 'yan zamani, matarsa ta fito da wani ƙunshi da ta tono a ƙasan akwati.

"Maigida, ka rage mana wa'azi haka. Kwat ɗin Yaya da tabarau ɗin nan fa? Tun ranar da ka ari motarsa yake tambayata."

Dillali ya karɓi tabarau, ya hure ƙura, ya ƙwama a fuska, ya gyara kafaɗu.

"Amma tsakani da Allah," ya ce, "ranar da na taya gidan nan ai na yi kyau, ko?"